Tambayoyi da amsoshi: me ya sa kulob ɗin hoki suke ba da yaransu da gurbin zaɓe don su samu tauraro ɗaya?

Tunda na fara bibiyar hokin ƙanƙara na gasar NHL, duk abokin da na ba shi labarin wani ciniki sai ya tsaya yana kallona, musamman 'yan kallon Firimiya, saboda su abin da suka sani shi ne kulob ya zuba kuɗi ya ɗauko ɗan wasa shi kenan. A Amurka da Kanada ba haka abun yake ba. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi min, na amsa iya yadda na fahimta, kuma inda nake da ra'ayi zan faɗa ba zan ɓoye ba.

Wai mene ne gurbin zaɓen nan da ake ta ciniki da shi?

Gasar tana da kulob 32, bakwai a Kanada sauran 25 a Amurka. Duk shekara wajen ƙarshen watan Yuni ana taruwa a yi abin da suke kira diraf, wato rabon yara masu tasowa 'yan shekara 18 da 'yan kai, waɗanda suka fito daga ƙananan gasannin Kanada da jami'o'in Amurka da ƙasashe irin su Suwidin da Finlan da Rasha. Zagaye bakwai ake yi, kowane kulob yana da gurbi ɗaya a kowane zagaye, idan ka haɗa yara 224 kenan. Wanda ya fi shan kashi a kakar shi yake fara zaɓa, wanda ya ɗau kofi shi ne na ƙarshe, sai dai kulob 16 ɗin da ba su samu shiga wasannin fidda gwani ba (wato wasannin ƙarshen kaka na neman kofi, inda kulob biyu suke karawa har wasa bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya wuce) ana jefa musu ƙuri'a a kan guraben farko don kada wani ya dinga faɗuwa da gangan yana da tabbacin lamba ɗaya.

Toh wannan gurbin dukiya ce, kamar fili. Kana iya ba wani kulob gurbinka na bana ko na baɗi ko na baɗin baɗaɗa, shi kuma ya ba ka ɗan wasa a hannu.

Me zai hana su biya kuɗi kawai kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa?

A da ana yi. Ranar 9 ga Agusta 1988 Edmonton Oilers ta miƙa Wayne Gretzky, wanda har yau mafi yawan mutane suke ganin ba a yi kamarsa ba, ga Los Angeles Kings, aka ba ta Jimmy Carson da Martin Gelinas da gurbin zagayen farko guda uku, na 1989 da 1991 da 1993, da tsabar kuɗi dala miliyan 15. Mutanen Edmonton sun ji zafin abun ƙwarai, amma a 1990 suka sake ɗaukar Kofin Stanley, wato kofin gasar, ba shi, shi kuwa Gretzky ya kai Kings wasan ƙarshe a 1993 Montreal ta doke su.

Yanzu doka ta hana sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Kuma tun 2005 aka sa wa albashi iyaka, kowane kulob komai arzikin mai shi akwai adadin da ba zai wuce ba, lokacin da aka fara dala miliyan 39 ne, a kakar 2025-26 ya kai miliyan 95.5. Kun ga kenan kuɗi ba ya sayen komai a nan, abin da yake sayayya abu uku ne: ɗan wasa, yaro mai tasowa, da gurbin zaɓe. Ƙari a kan haka yaron da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, yawanci na shekara uku, albashinsa wajen dala miliyan ɗaya ne ko da ya fi kowa iya wasa a kulob ɗin, alhali manyan taurari suna karɓar sama da miliyan 10. Shi ya sa yaro mai kyau yake da tsada sau biyu, ga wasa ga araha.

Idan yara suna da daraja haka, me yake sa manaja ya bayar da su?

Saboda lokaci. Gwanayen da kake da su yau ba za su dawwama ba, hoki wasa ne na karo da gugar jiki, mutum yana haura shekara 30 gwiwa da kafaɗa sun fara magana. Idan kana da gola mai kyau da mai tsaron baya mai kyau da 'yan gaba biyu ko uku duk suna kan ganiyarsu, yaron da za ka zaɓa bana sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya fara amfani, kafin nan wasu daga cikin gwanayen sun tsufa wasu albashinsu ya fi ƙarfin iyaka an rabu da su. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wannan shi ne lissafin manajan da yake jin ƙamshin kofi.

Misalin da na fi so shi ne Tampa Bay Lightning. A Fabrairun 2020 manajansu Julien BriseBois ya ba New Jersey gurbin zagayen farko da yaro Nolan Foote ya karɓi Blake Coleman, ya kuma ba San Jose wani gurbin farkon ya karɓi Barclay Goodrow. Mutane da yawa suka ce ya yi ɓarna, don ba ɗaya a cikinsu da za a kira babban tauraro. Amma shi ya san yana da taurarinsa Kucherov da Point da Hedman da Vasilevskiy, abin da ya rasa shi ne masu aikin wahala waɗanda albashinsu bai da yawa. Suka ɗau kofi a 2020 suka maimaita a 2021. Kuma abin lura, guraben da kulob mai ƙarfi yake bayarwa can ƙarshen zagaye suke faɗawa, wajen lamba 28 zuwa 32, inda samun gwani ba tabbas ba ne.

Toh a ina ake yin kuskuren?

A wajen sanin kai. Wallahi duk cinikin da na duba wanda ya zama abin kuka, ba wai ɗan wasan da aka sayo ne bai iya ba, manajan ne ya ɗauka kulob ɗinsa ya kusa alhali da sauran tafiya mai nisa.

Ku duba Toronto Maple Leafs. A Satumbar 2009 manajansu Brian Burke ya ɗauko Phil Kessel daga Boston Bruins, ya ba da gurbin zagayen farko na 2010 da na 2011 da na zagaye na biyu guda ɗaya. Kessel ɗan wasa ne na gaske, matashi, yana zura ƙwallo sama da 30 a kaka, ba wanda zai ce bai yi aikinsa ba. Matsalar ita ce sauran kulob ɗin ba ƙarfi, suka gama kakar a matsayi na 29 cikin 30, sai gurbin nan ya zama lamba 2 a diraf, Boston ta ɗauki Tyler Seguin da shi, a shekarar da ta biyo ta ɗauki Dougie Hamilton da lamba 9, kuma a 2011 ɗin ta ɗau kofi. Shekara shida Kessel ya yi a Toronto sau ɗaya tal suka shiga wasannin fidda gwani, a 2013, kuma Boston ɗin ce ta fitar da su a wasa na bakwai bayan suna gaba da ci 4 da 1. Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, mai goyon bayan Toronto tun yana yaro, kofin shayinsa ma tambarin kulob ɗin ne a jiki har ya koɗe, ranar da na tambaye shi labarin wannan wasan ajiye kofin ya yi ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ya riga ya kira ɗansa a waya yana masa murna kafin abun ya juye. Na ji tausayinsa har raina, kulob ɗin nan rabonsu da kofi tun 1967. Shi kuwa Kessel da ya koma Pittsburgh, inda aka riga aka shirya ana jiran irinsa, ya ɗau kofi a 2016 da 2017.

San Jose Sharks ma haka ta faɗa. A Satumbar 2018 ta ɗauko Erik Karlsson daga Ottawa, cikin kayan da ta bayar akwai yaro Josh Norris da gurbin farko wanda ya zo ya zama na 2020. Kakar farko sun kai wasan kusa da na ƙarshe, kakar ta biyu kulob ɗin ya rushe gaba ɗaya, gurbin ya zama lamba 3, Ottawa ta ɗauki Tim Stützle ɗan Jamus. Ita kanta Ottawa ɗin ta riga ta yi irin wannan ɓarnar a 2017 da ta ba Colorado gurbinta saboda Matt Duchene, ya zama lamba 4 a 2019, aka ɗauki Bowen Byram.

Ba yadda za a yi mutum ya kare kansa daga irin haka?

Akwai, kuma yanzu kusan kowa yana yi. Ana sa sharaɗi a takarda cewa idan gurbin ya faɗa cikin goman farko, mai bayarwa zai riƙe abinsa ya ba da na shekara mai zuwa. Akwai kuma sharaɗin da yake ƙara farashi idan an yi nasara, kamar a Maris ɗin 2025 da Florida Panthers ta ɗauko Brad Marchand daga Boston a kan gurbin zagaye na biyu wanda zai koma na farko idan ta yi nisa a wasannin fidda gwani kuma ya buga isassun wasanni. Sharaɗin ya cika, Florida ta biya da murna don kofi ta ɗauka. Sannan kulob mai sayarwa yana iya yarda ya ci gaba da biyan wani kaso na albashin ɗan wasan, har zuwa rabi, don ya shiga ƙarƙashin iyakar mai saye, shi kuma a ƙara masa gurbi a kan haka.

Ni a ganina manajan da ya ba da gurbin farko ba sharaɗi, alhali kulob ɗinsa bai tabbata yana cikin manya ba, ya ci amanar magoya baya, don su ne za su zauna shekara biyar suna kallon yaron a rigar wasu.

Wane ne "ɗan haya" da ake yawan ambata a watan Maris?

Ba aro ba ne irin na ƙwallon ƙafa. Ɗan wasa ne wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka, ranar 1 ga Yuli ya zama ɗan kansa ya tafi inda ya ga dama. Kulob ɗinsa idan ya ga ba zai je ko'ina ba gara ya sayar da shi ya samu wani abu da ya tafi a banza. Ana rufe kasuwa a farkon Maris, ƙarfe 3 na rana agogon Toronto wato 9 na dare a Kano, kuma duk wanda ka ɗauko bayan nan ba zai buga maka wasannin fidda gwani ba. Ranar nan a Kanada tashoshin TSN da Sportsnet tun safe ba abin da suke yi sai wannan, mutane a wajen aiki waya a ƙarƙashin tebur suna ta dubawa.

Haɗarin a fili yake, wata uku ka saya. Columbus Blue Jackets ta gwada a 2019, ta ƙi sayar da Artemi Panarin da Sergei Bobrovsky duk da an san za su tafi, ta ƙara da ɗauko Duchene da wasu a kan guraben zaɓe masu yawa. Suka lallasa Tampa Bay wasa huɗu a jere a zagayen farko, karo na farko a tarihin kulob ɗin da ya tsallake wani zagaye, Boston ta tare su a na biyu, Yuli na zuwa duka ukun suka tattara suka tafi. Har yau ana gardama a kan ko ya dace, ni dai ina ganin garin da ya yi kusan shekara 20 bai ga irin wannan daren ba ba zan zargi manajansa ba.

Shi yaron da aka zaɓa tabbas ne zai zama gwani?

Ko kusa. Cinikin kifi a ruwa ne. Alexandre Daigle a 1993 da Nail Yakupov a 2012 duk lamba 1 aka ɗauke su kuma ba su zama abin da aka zata ba, can kuma Detroit ta samu Pavel Datsyuk a lamba 171 a 1998 da Henrik Zetterberg a lamba 210 a 1999. Kucherov ɗin Tampa ma lamba 58 ne.

Amma akwai bambanci tsakanin gurbi da yaron da aka riga aka zaɓa ana ganin yadda yake girma, shi wannan an fara ganin fuskarsa. A Afrilun 2013 Washington Capitals ta ba Nashville yaro Filip Forsberg, wanda ta zaɓa a lamba 11 watannin baya, ta karɓi Martin Erat da Michael Latta. Ƙwallo biyu kacal Erat ya ci mata kafin ta rabu da shi, Forsberg kuwa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Nashville.

Wane ciniki ne ya fi kowanne girma a irin wannan?

Na Eric Lindros. Quebec Nordiques ta zaɓe shi lamba 1 a 1991 ya ce shi ba zai buga mata ba, ya kuma tsaya a kan bakansa shekara guda. A 1992 masu kulob ɗin suka yi ciniki da Philadelphia da New York Rangers kusan lokaci ɗaya, sai da aka kawo mai sasanci ya ce na Philadelphia ne ya fara ƙulluwa. Abin da Philadelphia ta biya a kan mutum ɗaya: Peter Forsberg wanda a lokacin yaro ne yana Suwidin, Mike Ricci, Ron Hextall, Steve Duchesne, Kerry Huffman, Chris Simon, gurbin farko guda biyu, da dala miliyan 15. Lindros ya yi wasa sosai, shi ne gwarzon gasar a 1995, ya kai su wasan ƙarshe a 1997 Detroit ta cinye su huɗu ba ko ɗaya, daga baya bugun kai ya dinga damunsa. Su kuma Quebec, da ɗaya daga cikin guraben suka zaɓi gola Jocelyn Thibault, wanda suka haɗa da wasu suka ɗauko Patrick Roy daga Montreal a Disambar 1995. Abin da yake taɓa min zuciya a labarin shi ne mutanen birnin Quebec da suka sha wahalar shekarun faɗuwa ba su ci moriyar ba, a 1995 aka ɗauke kulob ɗin aka kai Denver ya koma Colorado Avalanche, a kakarsa ta farko a can ya ɗau kofi a 1996, ya ƙara a 2001.

Akwai kulob ɗin da ya mayar da bayar da yara al'adarsa?

Vegas Golden Knights. An kafa ta a 2017, a diraf ɗinta na farko ta zaɓi yara uku a zagayen farko, Cody Glass da Nick Suzuki da Erik Brännström, kuma duka ukun ta rabu da su. Suzuki ya tafi Montreal saboda Max Pacioretty, yanzu shi ne kyaftin ɗin Montreal, wannan kam ta yi asara. Brännström ya tafi Ottawa saboda Mark Stone, wannan ta ci riba babba don Stone ne ya ɗaga mata kofi a matsayin kyaftin. A Nuwambar 2021 ta ɗauko Jack Eichel daga Buffalo a kan Alex Tuch da Peyton Krebs da guraben zaɓe, lokacin ma yana fama da ciwon wuya sai da aka yi masa tiyata, a 2023 suka ɗau kofi, shekara shida da kafuwa. Florida ma irin hanyar ta bi da Sam Reinhart da Matthew Tkachuk da Seth Jones, ta ɗau kofi a 2024 da 2025. Abin da ya bambanta su da Columbus shi ne yawanci suna sayen wanda zai zauna shekaru, ba ɗan wata uku ba, kamar yadda Dallas ta yi a Maris ɗin 2025 da ta ba Carolina yaro Logan Stankoven da gurbin farko biyu da na zagaye na uku biyu a kan Mikko Rantanen, bayan ya amince da kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 96.

Ana tambayar ɗan wasan kafin a sayar da shi?

Idan babba ne kuma ya samu an rubuta masa a kwantiragi cewa ba za a musanya shi ba sai da yardarsa, toh ana tambayarsa. Yaro kuwa ba shi da wannan, waya kawai za a buga masa. Wannan ɓangaren ba na jin daɗinsa ko kaɗan, za ka ga yaro ranar diraf an kira sunansa ya rungume mahaifiyarsa tana hawaye, ya hau dandamali an sa masa riga da hular kulob an ɗauki hoto, bayan shekara ɗaya an miƙa shi wani gari bai taɓa buga wasa ko ɗaya a rigar ba.

An taɓa yin wanda kowa ya ci riba?

An yi, kuma shi ne na fi son ba mutanenmu labarinsa. A Disambar 1995 Dallas Stars ta ɗauko Joe Nieuwendyk daga Calgary Flames, ta ba da Corey Millen da wani yaro da ta zaɓa a lamba 11 a shekarar, Jarome Iginla, haifaffen Edmonton wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne Bayarabe. Nieuwendyk ya yi abin da aka ɗauko shi dominsa, a 1999 Dallas ta ɗau kofi kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin fidda gwani. Iginla kuwa ya zama kyaftin ɗin Calgary, ba wanda ya kai shi ƙwallo ko maki a tarihin kulob ɗin, ya gama wasa da ƙwallo 625, ya ɗauko wa Kanada zinare a Olamfik na 2002 da 2010, a 2020 aka sa shi cikin zauren gwarazan hoki. Kofin Stanley ɗin ne kawai bai zo hannunsa ba, a 2004 ya kai Calgary har wasa na bakwai na ƙarshe Tampa Bay ta doke su da ci 2 da 1. An rataye lambarsa ta 12 a filin Calgary ba mai sake sa ta. A diraf na 2024 kuma aka kira sunan ɗansa Tij Iginla a lamba 6, shi ne yaron farko da sabon kulob ɗin Utah ya fara zaɓa.